LIKITA TUN KAFIN A JE KO'INA

Wannan makon ku yi mini uzuri, ba ci gaban labarinmu na kawo muku ba, wata magana ce da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, na ga gara in amayar da ita in huta. Magana ce a kan yaranmu da ke shiga karatun likita, musamman farkon shigarsu, da irin abin da suke haɗiyewa su yi shiru, alhali iyaye da dangi suna gefe suna ta washe baki suna kiransu Likita.

Ni dai ba likita ba ce, iyakacina sakandare, sai ɗan alƙalamin da Allah Ya ba ni nake neman na cefane da shi. Amma an ce gani ya kori ji. Shekara uku ke nan ɗalibar likitanci tana kwana a ɗakin da ke jikin nawa a nan Doka, bango ɗaya ya raba mu, ina jin tarinta, ina jin buɗe shafinta, ina kuma jin shirun da take yi wanda ya fi kukan ma tayar mini da hankali.

Duk wanda ya saba da littattafan Hausa ya san Dokta. Dogo ne, fari, mai saje, shekararsa 28, yana da asibitin kansa mai hawa uku, zai fito daga Marsandi yana kaɗa makulli, ƙamshin turarensa ya riga shi shiga ɗakin marasa lafiya. Aikinsa bai wuce ya ɗora abin sauraron ƙirji a jikin jarumar da ta suma ba, ido ya haɗu da ido, shi ke nan littafi na biyu ya samu. Masu karatu suna son sa, masu sarin littafi ma suna son sa. To amma bari mu ɗan yi lissafi. Yaro ya gama sakandare yana ɗan shekara 18, a ce ma JAMB ta yi masa kyau tashin farko. Karatun likita shekara 6 ne a ƙasar nan. In ya gama zai yi shekara guda yana horon sanin makamar aiki a asibiti, sannan wata shekarar ta bautar ƙasa. Ya kai 26 ke nan, wannan fa in bai maimaita aji ba, kuma ba a yi yajin aiki ba, don kuwa na malaman jami'o'i a 2020 ya ci wata tara, na 2022 ya ci wata takwas. In kuma ƙwarewa yake so a wani fanni, akwai wasu shekarun a gabansa, biyar ko fiye. Ashe Dokta ɗan shekara 28 na gaskiya wani bawan Allah ne ramamme da ya kwana a zaune a ɗakin haihuwa, da safe ya fito bakin titi yana cinikin keke.

Yarinyar da nake ba ku labari ɗiyar yayana ce, uwa ɗaya uba ɗaya. A can garinmu ta tashi, tun daga firamare har ta gama sakandare ba ta san wani matsayi ba sai na ɗaya, in ta yi na biyu to ranar ba za ta ci tuwo ba. A 2023 sunanta ya fito a Jami'ar Jihar Kaduna, wadda aka kafa a 2004, mazauninta yana kan titin Tafawa Balewa. Yaya ya ɗauko ta da kansa da akwatinta da rabin buhun masara ya danƙa mini ita ya ce, "Ga amana nan, ki riƙe mana Likitarmu."

Tun daga ranar sunanta na yanka ya ɓata. Hajiyarmu ta rangaɗa guɗa ta ce Allah Ya kashe ya ba ta, ciwon gwiwarta ya zo ƙarshe. Ƙannenta suka koma Yaya Likita. Mai shagon bakin layinmu, in ta je sayen sabulu, sai ya miƙe tsaye ya ce, "Likita bokan Turai!" Ba ta yi wata biyu ba maƙwabta suka fara sallama da takardun gwajin jini a hannu, wai a ba Likita ta duba. Wata ma jaririnta ta kawo yana zazzaɓi. Ita kuwa baiwar Allah a lokacin abin da ke gabanta shi ne lissafin gudun dutsen da aka jefa sama, da sunayen sassan furen tsiro.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba ke nan. Aji ɗaya a jami'a babu ruwansa da allura balle wuƙar tiyata. Fiziks ne da kemistiri da bayoloji da lissafi, tare da ɗaruruwan ɗalibai na sauran sassan kimiyya, a babban ɗakin da in ba ka yi sammako ba sai dai ka ji malami daga taga. Kuma rariya ce aka kafa. Hukumar da ke kula da aikin likitoci a Nijeriya tana ƙayyade wa kowace makaranta adadin ɗaliban da za ta horar gwargwadon malamanta da gadajen asibitinta, don haka ba duk wanda ya shiga aji ɗaya ne yake ganin aji biyu ba. Darasi ɗaya tak in ya kayar da yaro yana iya sa a mayar da shi wani sashen. Yaro ya san da haka tun satin farko. Uban da ke gida yana karɓar barka shi ne bai sani ba.

Hausawa suka ce giwa a garin wani zomo ce. Duk wanda ke zaune a ajin nan na ɗaya ne a makarantar da ya fito. Wasu daga makarantun kuɗi suke, sun saba da ɗakin gwaje-gwaje tun suna ƙanana, Turanci a bakinsu kamar ruwa. Ita kuwa tawa, madubin ganin ƙwayoyin halitta a hoto kawai ta san shi. Ranar da aka ba su sakamakon gwajin farko na kemistiri ta dawo gida ta wuce ɗaki ko gaisuwa babu. Sai bayan isha'i na lallaɓa na shiga na tarar da takardar a ƙarƙashin matashi, 38 bisa 100. Yarinyar da ba ta taɓa ganin ƙasa da 70 ba a rayuwarta. Ina tsaye a kanta wayarta ta yi ƙara, Yaya ne, ina jin muryarsa yana cewa, "Likita, ya karatu?" Ta share hawaye da gefen mayafi ta ce, "Lafiya lau, Baba."

Wannan "lafiya lau" ɗin ita ce ta fi ba ni tsoro, domin na san inda take kai yaro. Akwai wani ɗan mutanen arziki da muka yi zaman unguwa da iyayensa, ya samu gurbin karatun likita a wata jami'a a wata jihar. Mahaifinsa ɗan kasuwa ne, ya yanka rago, ya tara abokan rumfa, kowa a layinsu ya san ɗan Alhaji zai zama likita. Ƙarshen shekara fiziks ya kayar da yaron, aka mayar da shi wani sashen kimiyya. Ya rasa bakin da zai faɗa. Shekara guda cur yana zuwa hutu ana ce masa Likita yana amsawa, yana karɓar kuɗin littattafan da ba zai karanta ba, har farar riga ya saya ya rataye a ɗaki don kada a gane. Ya rame, ya daina shiga mutane, uwarsa ta ɗauka sammu ne ta shiga bin malamai. Daga ƙarshe wani abokin karatunsa ne ya yi suɓutar baki a wajen ɗaurin aure. Uban ya yi wata uku ba ya amsa gaisuwarsa. Da na je yi wa uwar jaje ta ce mini wata magana da har yau take yi mini yawo a kai, ta ce, "Wallahi ba faɗuwar ce ta dame ni ba, shekara guda ɗana yana cin wuta shi kaɗai ina gidan ban sani ba." Yaron yanzu ya kusa gama karatunsa a sashen da aka kai shi, kuma yana ƙoƙari ƙwarai, amma har gobe in ya shiga kasuwa akwai masu ce masa Likita don su ga yadda fuskarsa za ta yi.

Tawa dai Allah Ya taimake ta ta haye aji biyu da ƙyar da jiɓin goshi. Muka yi ta murna muna cewa an wuce wajen. Ashe a nan ne shekarar farko ta gaskiya take farawa, don su kansu ɗaliban daga nan suke ƙirga shigarsu likitanci.

Darussa uku ne manya. Akwai anatomi, wato sanin ginin jikin ɗan Adam gaɓa-gaɓa. Akwai fiziyoloji, sanin yadda kowace gaɓa take aikinta, yadda zuciya ke harba jini, yadda ƙoda ke tace shi. Sai bayokemistiri, yadda tuwon da ka ci yake narkewa ya zama ƙarfi a jikinka. Ranar da ta kawo littattafan na ɗaga na fiziyoloji, wanda suke kira Guyton da sunan Ba'amurken da ya fara rubuta shi, na ce wannan ai ya isa a danne ƙullun kosai. Ni da nake rubuta littafi mai shafi 100 in raba shi uku, ga guda ɗaya ya haura shafi 1,000, kuma an ce duk a ka ake son sa.

Ƙashin jikin babban mutum guda 206 ne, kowanne da sunansa, kowane tudu da kwari da rami da ke jikinsa shi ma da nasa sunan, da tsokar da ta manne a wurin, da jijiyar da ta ratsa ta gefensa. Wuyan hannu kaɗai ƙananan ƙasusuwa 8 ne jere a sahu biyu. Jijiyoyin da suka fito kai tsaye daga ƙwaƙwalwa tagwaye 12 ne, sai ka san inda kowacce ta fito, ta wace ƙofa ta bi a ƙoƙon kai, da abin da zai sami mutum in ta lalace. Sunayen kuma akasarinsu daga Latin da Girkanci suke. Ka ga yarinyar da take tunani da Hausa, ta yi karatu da Turanci, yanzu an ɗora mata harshe na uku wanda ba ta taɓa jin kowa ya yi cinikin albasa da shi ba.

Sai kuma maganar gawa. Mu Hausawa in mutum ya rasu da safe, kafin azahar an kai shi makwancinsa, mace kuwa sau da yawa ko fuskar mamacin ba ta gani. To ga 'yar shekara 19 an miƙa mata wuƙa an tsayar da ita a kan mutum kwance, wanda aka jiƙa da wani magani mai suna fomalin don kada ya ruɓe, warinsa yana sa ido hawaye, yana kama tufafi har gida. Galibi gawarwakin da ba a samu danginsu ba ne. Ranar farko da ta dawo ta yi wanka sau uku. Wata guda ba ta ci nama ba, kilishi kuwa ko ganinsa ba ta son yi, na san dalili ban tambaya ba. Da dare sai ta ɗauko tabarmarta ta dawo ɗakina. Wata rana muna kwance cikin duhu ta ce, "Gwaggo, shi ma fa wata ce ta haife shi, ta yi masa suna." Na ce haka ne. Ta ce tun daga ranar in za ta fara aiki a kansa sai ta yi bismillah ta roƙa masa sauƙi a zuciyarta, don shi ne malaminta na farko, bai kuma taɓa yi mata tsawa ba.

Jarrabawarsu ma ba irin wadda muka sani ba ce. Ban da ta rubutu, akwai wadda ake jera tebura, a kan kowanne an ajiye ƙashi ko wani sashen jiki an soka masa tsinke ko an ɗaura zare, ga tambaya a gefe. Ɗalibi zai tsaya kamar minti ɗaya, a kaɗa ƙararrawa, ya matsa gaba, ko ya rubuta ko bai rubuta ba, babu komowa baya. Su da kansu suna kiranta da sunan tseren dawakin Turawa mai tsallake shinge. Akwai kuma ta baka, inda za ka zauna gaban manyan malamai, har da baƙo daga wata jami'a, su miƙo maka ƙashi su ce yi bayani. Makin haye wa 50 ne, 49 faɗuwa ce. Duk wannan shiri ne na wata babbar jarrabawa da ke jiransu bayan kamar shekara ɗaya da rabi, wadda ita ce ƙofar shiga asibiti. Wanda ya faɗi wani darasi a ba shi dama ya sake, in abin ya ci tura ya maimaita shekara, in ya ƙi ci ya ƙi cinyewa a sallame shi.

Tsoron wannan ƙofar ya sa ta shiga abin da suke yi duka, wato kwanan zaune. Gidanmu yana bayan titin Ahmadu Bello, ba nisa da kasuwar Sheikh Abubakar Gumi, da rana hayaniya ba ta barin mutum ya ji tunanin kansa, don haka dare ne nata. In an ɗauke wuta sai fitila mai caji, in ta mutu sai hasken waya, domin tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 janareto ya zama sai ta kama dole. Ta koyi shan Nescafe baƙi ƙirin babu madara, ta koyi cin goro kamar tsohuwa, ta koyi tsoma ƙafa a bokitin ruwan sanyi don kada barci ya sace ta. Daga baya ƙawaye suka koya mata wani lemon gwangwani mai hana barci, in ta sha sai ka ga hannunta yana rawa. Abinci kuwa sai na yi da gaske, ta ce in ta ƙoshi barci take ji. Ta zama kamar kazar da aka tsamo daga ruwa. Abin takaicin, duk wannan wahalar makin bai motsa ba, tana nan tsakanin 40 da 45. Ta karanta abu da dare, gari ya waye ya bi iska.

Wata rana wajen ƙarfe uku na dare na ji faɗuwar abu. Na tarar da ita a ƙasa a ƙofar banɗaki, jiki ya yi zafi rau, tana riƙe da ciki. Muka kwashe ta sai asibiti. Likita ya ce zazzaɓin cizon sauro ne ya haɗu da gyambon ciki da rashin barci. Da ya ji abin da take karanta sai ya yi dariya ya ce shi ma ya bi ta nan, ya kuma ce mata gawa ba ta cin jarrabawa. Bayan an sa mata ruwa, hankalinta ya dawo, na zauna a bakin gadon na ce, "'Yata, gaya mini gaskiya, me kike tsoro haka?" Ta daɗe ba ta ce komai ba, can ta ce, "Gwaggo, ni ba karatun ne ya fi ƙarfina ba. In na faɗi da wane suna zan koma garinmu? Kowa ya manta sunana."

Washegari na kira Yaya na ce ya zo. Da ya iso na ja shi gefe na ce, "Yaya, tsakanin 'yarka da Likita wa ka fi so? Don in aka ci gaba a haka za ka rasa duka biyun." Mutum ne mai zafi, na ɗauka zai yi faɗa, sai na ga ya cire hula yana juya ta a hannu. Ya shiga ya zauna kusa da ita ya kira ta da sunan da ya raɗa mata ranar suna, ya ce ko ta ci ko ta faɗi ɗakinta yana nan, kuma shi bai haife ta don allura ba. Kukan da ta yi a ranar ya fi ruwan da aka ƙara mata amfani.

Maganin karatun kuwa daga inda ba a zata ba ya fito. Maigidana bai yi boko mai zurfi ba, amma ya yi allo a Zariya yana yaro. Da ta warware ya kira ta ya ce, "Ke da kika haddace izu ashirin a Islamiyya, a dare ɗaya kika haɗiye su?" Ta ce a'a. Ya ce, "To yaya aka yi?" Ta ce kaɗan-kaɗan, da asuba, a biya wa malam, ba a ƙara sabo sai na jiya ya zauna, sannan ga tishi kullum. Ya ce, "To me ya sa da kika je wajen Turawa kika yar da dabarar kakanninki? Ba a wanke allo sai karatu ya zauna, kuma ba a fafe gora ranar tafiya." Daga baya ita da kanta ta zo tana gaya mana wai a fiziyoloji ma haka aka ce, barci yana daga cikin abin da ke zaunar da karatu a ƙwaƙwalwa, kuma tun a 1885 wani Bajamushe mai suna Hermann Ebbinghaus ya nuna cewa mutum yana zubar da mafi yawan sabon abin da ya haddace cikin ɗan lokaci kaɗan in bai waiwaye shi ba, maimaitawa a rarrabe kuma ta fi ta lokaci guda. Maigidan ya ce shi bai san Bajamushe ba, amma ya san bulalar malaminsu.

Muka kafa doka a gidan. Ƙarfe sha ɗaya a kashe fitila. Ƙarfe huɗu ta tashi ta yi sabon karatu zuwa kiran assalatu. In ta dawo da yamma ta ci abinci ta yi tishin na jiya da na makon jiya, littafi a rufe, sai ta kakare ta buɗe. Na ɗauke mata wanke-wanke da girki in jarrabawa ta matso, na kuma sanar da maƙwabta cewa gidan nan babu likita, mai takardar gwaji ya nufi asibiti. Ta samo ƙawaye uku, biyu Musulmi ɗaya Kirista 'yar Kudancin Kaduna, duk Asabar suna haɗuwa a barandarmu da tsofaffin tambayoyin shekarun baya, kowacce ta ɗauki babi ta koyar da sauran, in ta yi kuskure su yi mata ca. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. In babu su, ni ce ɗalibar. Za ta zaunar da ni ta ce sai ta fahimtar da ni yadda ƙoda take aiki da Hausa tsantsa, in ban gane ba to ita ma ba ta gane ba ke nan.

Da Babbar Sallar 2024 ta zo, ana fiɗar ragon layya, ta ce a ba ta zuciyar kafin ta shiga kasko. Ta tsaga ta a kan faranti ta tara yaran gida tana nuna musu ɗakuna huɗu, biyu sama biyu ƙasa, da 'yan ƙofofin da ke hana jini komawa baya, ta ce ta mutum ma haka take. Mahaucin da ke mana aiki ya leƙo ya shiga nuna mata matsarmama a jikin hanta da saifa da yadda ake raba su ba a fasa ba, ya ce shekararsa talatin yana wannan anatomin ba a ba shi farar riga ba. Hajiya tana gefe tana cewa a dai bar mata tsokarta. Ranar na ji dariyar yarinyar nan irin wadda na rabu da ji tun zuwanta.

Kada mai karatu ya ɗauka daga nan komai ya zama zuma. Da babbar jarrabawar ta zo a 2025 ta haye biyu, anatomi ya riƙe ta. Amma a wannan karon da kanta ta ɗauki waya ta gaya wa ubanta a ranar da aka kafe sakamako, ya ce Allah Ya sa haka ne mafi alheri, ta ci tuwonta ta yi barci. Ta sake zama bayan 'yan makonni ta haye. Yanzu tana zuwa Asibitin Koyarwa na Barau Dikko da ke titin Lafiya, wanda tsofaffin Kaduna har yau suke kira Nasin Hom. Sunan da asibitin yake ɗauke da shi na Dokta Russell Barau Dikko ne, haifaffen Wusasa a 1912, wanda ya yi karatu a Birmingham ta Ingila ya zama likitan farko daga Arewacin Nijeriya, yana kuma cikin waɗanda suka kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa, ya rasu a 1977. Nakan ce mata in ta shiga ƙofar ta tuna shi ma akwai daren da ya zauna da ƙashi a hannu, a ƙasar sanyi, babu gwaggon da za ta dama masa kunu.

Don haka iyaye 'yan'uwana, in Allah Ya ba ɗanku ko 'yarku wannan gurbin, ku yi godiya ku yi addu'a, amma ku bar masa sunansa har ranar da aka rantsar da shi. In kun kira waya ku fara da tambayar ko ya ci abinci, ko yana samun barci, kafin ku tambayi maki. Ku gaya masa tun yau, da bakinku, cewa in ya faɗi ƙofar gida a buɗe take, don yaron da ya san haka shi ya fi samun natsuwar ci. In kun ga ya rame, ya daina magana, ya daina wanka da shiga mutane, kada ku tsaya cewa aljanun gawa ne, damuwa ciwo ce kuma tana da magani, ga asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya nan a Barnawa ƙetaren kogi, zuwa can ba hauka ba ne. Wanda kuma aka mayar wani sashen, a rungume shi, wani hanin ga Allah baiwa ne, asibitin ma ba likita kaɗai ke riƙe da shi ba, akwai mai gwajin jini da mai haɗa magani da ungozoma.

Ku kuma 'ya'yana ɗalibai, na san wasunku suna leƙowa nan a sace tsakanin babi da babi. Ba ku kaɗai ba ne kuka taɓa ganin 38. Ku ci abinci, ku yi barci, ku nemi abokan karatu, ku faɗa wa wani babba abin da ke ranku tun bai zama dutse ba. Sannu ba ta hana zuwa. Muna nan muna jiranku da hawan jininmu da ciwon gwiwarmu, kuma mun fi son ku iso da lafiyarku ko da an makara.

Allah Ya buɗa ƙwaƙwalen yaranmu, Ya ba su ilimi mai amfani da tausayin marasa lafiya, Ya jiƙan bayin nan nasa da ake koyo a jikinsu. Mako mai zuwa in Allah Ya kai mu za mu ɗora labarinmu daga inda muka tsaya. Na bar ku lafiya.